Tara Kalmomin Larabci Gida-Gida: Jagora Kan Baƙi, Tushe da Ma'auni

A makarantar dare ta magidanta da nake koyarwa a ƙauyenmu, can ƙasar Ringim, akwai wani mai injin niƙa da ya fi kowa naci. Ya cika littafin rubutu guda da kalmomin Larabci, kowace da fassararta a gefe, a jere kamar kayan koli: ga kalmar kujera, ƙarƙashinta ta raƙumi, sai ta asibiti. Wani dare bayan an tashi ya dawo ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni fa kaina rariya ne. Abin da na zuba da daddare, kafin in tayar da inji da safe ya tsiyaye."

Na ce, "To Malam, jero mini sunayen da ake sa wa 'ya'ya maza bi da bi, daga na biyu." Ya ce Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har Ashiru, bai yi tuntuɓe ba. Na ɗauki alli na rubuta masa layi uku. Salisu, Talata, talatin, sulusi. Rabi'u, Laraba, arba'in, rubu'i. Hamisu, Alhamis, hamsin, humusi. Kalma goma sha biyu ke nan, duk na Larabci, kuma rariyar tasa ta riƙe su tun yana yaro. Dalili shi ne 'yan gida ɗaya ne: layin farko duk jikokin "uku" ne, na biyu na "huɗu", na uku na "biyar".

Haka Larabci yake kusan gaba ɗayansa. Kalmominsa zuri'a-zuri'a suke, kowace zuri'a da kakanta, kuma akwai kamanni da ake gane matsayin kowa da su. Wanda ya bi su ɗai-ɗai zai sha wahalar banza. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina, bisa sharaɗin ka wuce babbaƙu da farfaru, kana iya haɗa baƙi. Inda na rubuta Larabci da boko, wasali mai ja na ninka shi, kamar kitaab.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai kauri, biro biyu, ja da shuɗi, ƙamus ɗaya, da wani mai kyakkyawan karatu da zai riƙa yi maka shifta.

Mataki na farko: gyara baƙi kafin komai

Nan ne mu Hausawa muke faɗuwa, kuma nan ne aka fi gaggawar tsallakewa. Bakinmu ya haɗe baƙaƙen da Balarabe ya raba. ث da س da ص duk "sa" muke ce musu. ذ da ز da ظ duk "za". ح da خ da ه duk "ha". Malaman allo sun san da wannan tun da can, shi ya sa suka raɗa wa kowanne sunansa: ha ƙarami, ha mai ruwa, ha kuri, sodi, lodi. Kar ka yar da sunayen nan don ka shiga Islamiyya. Da su za ka riƙa tambayar kanka: wace "ha" ce a nan?

Ga abin da ke faruwa in ba ka tambaya ba. خلق ya halitta, حلق ya yi aski, هلك ya halaka. A bakinmu kusan sauti ɗaya ne, a ƙamus gida uku ne da ba su haɗa komai ba. حصد da sodi, ya girbe. حسد da sin, ya yi hassada. قلب zuciya, كلب kare. سؤال tambaya, سعال tari. Ko sunan Saminu, da ث na takwas ne, ka mayar da shi س ka ja wasalin baya ya koma mai ƙiba. In ka kuskure baƙi ɗaya, ka shiga gidan da ba shi ka nufa ba, kuma duk abin da ka gina a kai ya tafi.

Akwai mabuɗai biyu da ke taimaka wa Bahaushe. Kalmar aro da muke faɗa da "ɗ", yawanci ط ce a asali: ɗalibi, ɗahara, ɗabi'a, sharaɗi. Wadda kuma ka ji "l" a cikinta, ka yi zargin lodi, wato ض, domin haka magabatanmu suke furta shi: alƙali daga القاضي, lalura daga ضرورة, farilla daga فريضة, alwala daga الوضوء. Sai dai wata "l" ɗin ta farkon kalma ragowar alif da lam ce da muka haɗiye. Labari alhabar ne, lokaci alwaƙt, lissafi alhisaab, liman al'imaam, lafiya al'aafiya. Cire ta, kalmar Larabcin ta fito fili.

Wanda ya taso da Alƙur'ani bugun Warshu ya kula da ɗigo. A rubutunmu na allo fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littattafan da ake bugawa a Masar da Labanan da Saudiyya, ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu gare ta. Na ga gardi mai hadda ya buɗe littafin Islamiyya yana karanta fa a matsayin ƙaf shafi guda cur. Ba jahilci ba ne, sabo ne, kuma mako ɗaya ya isa ya gyaru. Haka nan rubutun Mus'hafi yana da ƙa'idarsa ta daban: a can za ka ga salla da zakka an rubuta su da wawu, الصلوة da الزكوة, an kuma sauke alif a kalmomi da yawa. A wasiƙa ko jarrabawa الصلاة da الزكاة za ka rubuta.

Sai ja da shadda. Kunnen Bahaushe ya san bambancin garin da ake zama da garin tuwo, ya san daba ba dabba ba ce. Boko ne kawai ba ya nuna jan. Larabci yana nunawa, kuma ma'ana a kansa ta rataya. Jamal raƙumi, jamaal kyau. Haakim mai mulki, hakiim mai hikima. Darasa ya yi karatu, darrasa ya karantar.

Maganin duk wannan shifta ce, ba kallo ba. Kullum a karanta maka layi uku daga littafin da ka riga ka karanta, ka rubuta ba tare da ka leƙa ba, sannan ka gwada da littafin, ka zagaye kowane kuskure da jan biro. Kalmar da ka kuskure ka rubuta ta sau biyar kana furta ta da ƙarfi. Hannu yana riƙe abin da ido ya manta. Duk wanda ya yi rubutun allo shaida ne.

Mataki na biyu: tuɓe wa kalma kaya ka ga tushenta

Mafi yawan kalmomin Larabci baƙi uku ne tushensu, kaɗan ne masu huɗu irin zalzala da tarjama. Baƙaƙen nan uku ba sa sauya jeri, kuma su ke ɗauke da gundarin ma'ana. ك ت ب rubutu: kataba ya rubuta, kaatib marubuci, maktuub abin da aka rubuta, kitaab littafi, maktab wurin rubutu wato ofis, maktaba ɗakin littattafai. ح ك م kuwa rabinsa yana bakinmu: hukunci, hukuma, hikima, hakimi. ح م د ya ba mu Muhammadu, Ahmadu, Hamidu, Mamuda.

Yadda ake tuɓewar, bari mu ɗauki kalma mai tsawo da ka sani a suratu Ali Imrana: walmustagfiriina. Fara da abin da aka liƙa mata daga waje. "Wa" ta farko "da" ce, cire. "Al" cire. "Iina" ta ƙarshe alamar jam'in maza ce, cire. Saura mustagfir. Yanzu sai ƙarin da ke cikin ginin kalmar. Malaman Sarfu, wato masana ginin kalma, sun tara baƙaƙen ƙari guda goma a kalma ɗaya don sauƙin hadda: سألتمونيها. Mim da sin da ta na farkon mustagfir duk suna ciki. Cire su, saura غ ف ر. Gafara ke nan, kalmar da kake faɗa a ƙofar kowane gida.

Amma a yi hattara. Kasancewar baƙi yana cikin goman nan ba ya nufin ko'ina ka gan shi ƙari ne. A masjid mim ƙari ce, sin ta gida ce. A malik mim ta gida ce. Salima kuwa baƙaƙenta uku duk suna cikin goman, kuma duk na asali ne. Ƙa'idar ita ce ka nemi 'yan'uwan kalmar: baƙin da ya bayyana a cikinsu duka na gida ne, wanda yake zuwa yana tafiya baƙo ne. Sajada, sujuud, saajid, masjid: mim sau ɗaya ta leƙo.

Wani malamin lugga, Ibnu Farisa, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya yi ƙamus guda, Maƙayisul Luga, don ya nuna ma'anar da ta haɗa 'ya'yan kowane tushe. Misalin da ɗalibaina suka fi so shi ne ج ن ن, wanda ya mayar da shi ga suturcewa. Aljani ɓoyayye ne ga ido. Janiin ɗan tayi ne, a ɓoye cikin ciki. Majnuun wanda aka lulluɓe hankalinsa. Junna garkuwa. Janna lambun da itatuwa suka rufe ƙasarsa, daga nan aljanna. Ka ji wannan sau ɗaya, kalma biyar sun zauna.

Mataki na uku: ɗora ta a ma'auni

Tushe ƙullu ne, ma'auni tanda. Ko na shinkafa ka zuba ko na gero, wainar da siffar gurbin tanda za ta fito. Ɗanɗano na ƙullu, siffa ta tanda. Malaman Sarfu sun zaɓi baƙi uku, ف ع ل, su tsaya a madadin kowane tushe. Na farko fa, na tsakiya ain, na ƙarshe lam. Kaatib ma'auninsa faa'il, maktuub maf'uul, mustagfir mustaf'il.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi tsoro ba, don harshensa ma haka yake yi. Daga ƙira muna da maƙeri da maƙera. Daga buɗe, mabuɗi. Daga rini, marina. Daga dafa, madafa. Larabci ma da "ma" yake gina sunan wuri: masjid wurin sujada, majlis wurin zama, magrib wurin faɗuwar rana ko lokacinta, maƙbara maƙabarta, mazra'a gona, maɗbah madafa. Kayan aiki kuwa da "mi" suke farawa: miftaah mabuɗi, mihraas garma, minshaar zarto, miknasa tsintsiya, miƙass wanda muka mayar almakashi. Wasali ɗaya ne ya raba wuri da kayan aiki.

Faa'il mai aikatawa, maf'uul wanda aka aikata wa. Waɗannan biyun ka fara da su, don babu shafin da za ka buɗe ba ka gamu da su ba: zaalim da mazluum, ƙaatil da maƙtuul, haamid da mahmuud. Sunayen nan na bi da bi, Salisu, Rabi'u, Hamisu, duk a kan faa'il suke.

Akwai ma'aunin masu sana'a, fa''aal, da shadda a tsakiya: haddaad maƙeri, daga hadiid ƙarfe, najjaar kafinta, hayyaaɗ tela, jazzaar mahauci, hallaaƙ mai aski, fallaah manomi. Ita kanta sana'ar fi'aala ce: ziraa'a noma, tijaara fatauci, hiyaaɗa ɗinki. Ranar da muka yi wannan darasi na ba mutumin nan mai inji tushen ط ح ن, na ce ma'anarsa niƙa, ya faɗa mini sunan sana'arsa. Ya yi shiru yana motsa baki, can ya ce, "Ɗahhaan?" Muka buɗe ƙamus, ga ta nan, kusa da ɗahiin, wato gari. Kalmar da bai taɓa ji ba, da kansa ya gina ta.

Cututtuka da yawa a kan fu'aal suke: su'aal tari, zukaam mura, sudaa' ciwon kai, duwaar jiri. Launuka af'al ga namiji, fa'laa' ga mace: ahmar da hamraa', aswad da saudaa'. Fa'laan na abin da ya cika mutum ne: aɗshaan mai ƙishirwa, jau'aan mai yunwa, gadbaan mai fushi.

Jam'i ma yana da tandarsa. Yadda muke fasa cikin kalma mu ce birni birane, gulbi gulabe, haka suke cewa masjid masaajid, madrasa madaaris, miftaah mafaatiih, faƙiih fuƙahaa'. Sai dai ba kullum ake iya cankarsa ba, don haka duk sunan da ka rubuta, rubuta jam'insa a gefe tun ranar farko.

Mataki na huɗu: ƙofofin fi'ili

Nan ne riba take. Duba Hausa tukuna: saya, sayar, sayo, saye, sayu. Fita da fitar. Karya, kakkarya, karye. Tushe ɗaya, an ɗan taɓa shi, ma'ana ta juya. Larabci ma yana ƙara wa fi'ili, wato kalmar aiki, mai baƙi uku harafi ɗaya ko biyu ko uku. Littattafan Sarfu sun kawo siga goma sha biyu ta irin wannan ƙari, amma takwas ne za ka riƙa cin karo da su kullum, kuma masdarinsu, wato sunan aikin, yawanci yana bakinka tuni.

Af'ala kamar "fitar" ɗinmu ce. Haraja ya fita, ahraja ya fitar. Nazala ya sauka, anzala ya saukar. Masdarinta if'aal: ihsani, ihrami, iƙirari, Islam. Fa''ala mai shadda ita ma tana sa wani ya yi, ko ta nuna yawaitawa: alima ya sani, allama ya sanar, daga nan mu'allim wanda muka taƙaita zuwa malam; kasara ya karya, kassara ya kakkarya. Masdarinta taf'iil, ga su nan birjik: tafsiri, tauhidi, tajwidi, tasbihi.

Faa'ala aiki ne tsakanin biyu, masdarinta mufaa'ala: mu'amala, muhawara, musabaƙa, musafaha, mubaya'a. Ba a yin ko ɗaya daga ciki mutum shi kaɗai. Tafa''ala mutum ne ya ɗora wa kansa aikin: ta'allama ya koya, tawakkala ya dogara, wato tawakkali. Tafaa'ala juna ce, kamar ta'aawun taimakon juna. Wani lokaci kuma nuna abin da babu, kamar tamaarada, ya yi ciwon ƙarya. Infa'ala ita ce "karye": inkasara ya karye, infataha ya buɗe da kansa. Ifta'ala ta ba mu ijtihadi da i'itikafi da imtihani.

Wadda na fi so ita ce istaf'ala, don yawanci nema take nufi. Istigfari neman gafara. Istihara neman alheri, daga hair. Istisƙa'i neman shayarwa, ita ce sallar roƙon ruwa da muke fita bayan gari mu yi idan damina ta yi tsaiko, gero ya fara murɗewa. To in an ce maka shifaa' waraka ce, mene ne mustashfaa? Wurin neman waraka. Asibitin nan da ɗalibina ya haddace ya manta sau uku, ga shi ya zo da ƙafarsa.

A duk waɗannan ƙofofi mai aikatawa da "mu" yake farawa, kuma wasalin da ke kafin baƙin ƙarshe shi ke raba gardama. Na ƙasa, mai yi ne. Na sama, wanda aka yi wa. Mursil mai aikowa, mursal wanda aka aiko. Muhammad, da wasalin sama, wanda ake yawan yabo.

Ma'auni har rubutu yake gyarawa. Alif ɗin af'ala da if'aal ana sa masa hamza ana furta ta ko'ina: إكرام. Na infa'ala da ifta'ala da istaf'ala kuwa na sadarwa ne, ba a sa masa hamza: اجتماع, استغفار. Kuskuren da ya cika allunan shaguna da takardun gayyata ke nan.

Abu biyu ne ma'auni ba zai ba ka ba, sai ji da hadda. Ɗaya, wasalin tsakiya na fi'ili mai baƙi uku: nasara yansuru, daraba yadribu, fataha yaftahu, alima ya'lamu. Biyu, masdarinsa. Saboda haka kar ka taɓa rubuta fi'ili shi kaɗai. Uku-uku ake ajiye shi: zara'a, yazra'u, zar'an.

Mataki na biyar: tushen da ke ɓuya

Za ka tuɓe wata kalma ka tarar baƙi biyu ne suka rage, ko uku amma ɗaya alif ne. Kar ka rikice. Wawu (و) da ya (ي) marasa lafiya ne, malamai ma haruffan illa suke ce musu. Wani lokaci su rikiɗa, wani lokaci su gudu. Riƙe wannan: alif mai ja ba ya zama baƙin tushe, ko dai ƙari ne, ko wawu ce ko ya ta sake kama.

Hanyar kamo su uku ce. In alif ɗin a tsakiya yake, juya fi'ilin zuwa mai zuwa ko masdari: ƙaala yaƙuulu ƙaulan, ashe wawu ce, ق و ل. Baa'a yabii'u bai'an, ya ce, ب ي ع. In a ƙarshe yake, jingina aikin ga kanka: da'aa ya koma da'autu, ramaa ya koma ramaitu. In kuma baƙi biyu ka gani da shadda, warware ta haka nan: madda, madadtu, tushen م د د.

Wawun farko ita ta fi iya ɓuya. Wa'ada ya yi alkawari, amma ya'idu, ta tafi. Miizaan daga و ز ن yake, wasalin ƙasa ya mayar da wawu ya. Ittifaaƙ daga و ف ق, taƙawa daga و ق ي. Duk kalmar da ta fara da "itta" ka fara neman ta a babin wawu. Ita ma ta ɗin ifta'ala tana sauya murya don maƙwabtaka: bayan sodi ta zama ط, shi ya sa sunan Musɗafa daga ص ف و yake, tatacce, zaɓaɓɓe; bayan ز ta zama dal, izdihaam cunkoso daga ز ح م.

Wannan babin ba a gama shi a wata guda, kuma ban ga laifin wanda ya bar shi sai ya yi wata uku yana aiki da lafiyayyun tushe ba. Mai son zurfi ya zauna gaban malami a zaure da Lamiyyatul Af'al ta Ibnu Malik, ko Alhisnur Rasin, waƙen Sarfu na Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu. Amma kar ka ce sai ka sauke su za ka fara tara kalmomi.

Mataki na shida: buɗe ƙamus

Manyan ƙamusoshin Larabci ba da harafin farko na kalma suke jera ta ba, da tushe ne. Istigfaar ba ta babin alif, tana ƙarƙashin غ. Almu'ujamul Wasiɗ, wanda Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira ta fitar a 1960, da baƙin farko na tushe yake tafiya, kuma shi nake ba mai farawa shawara ya nema wurin masu littattafai a Kasuwar Kurmi in ya shiga Kano. Amma in ka gaji tsohon ƙamus a ɗakin mahaifinka, duba da kyau. Lisanul Arab na Ibnu Manzur, wanda ya rasu a 711 bayan Hijira, da Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, wanda ya rasu a 817, a tsarinsu na asali da baƙin ƙarshe suke farawa. Kataba za ka same ta a babin ba, fasalin kaf. Wani abin sha'awa, kalmar ƙamus ɗin kanta teku take nufi. Sunan littafin Fairuzabadi ne ya shahara har ya zama sunan kowane irinsa.

Haddace jerin baƙaƙe na littattafan gabas, alif, ba, ta, sa, jim har ya, don da shi ƙamus yake tafiya. Ƙamus na waya kuwa yana da sauri, sai dai yana miƙo maka kalma ɗaya ya ɓoye danginta. In ka duba a takarda, kar ka rufe sai ka karanta gidan gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: littafin tushe da tsarin mako

Kowane tushe shafi guda. Rubuta baƙaƙen uku a sama da jan biro, a rarrabe, da gundarin ma'anarsu da Hausa. Ƙarƙashi fi'ilin uku-uku. Sai 'ya'yan gidan, biyar ko shida sun isa, kowanne da ma'auninsa, baƙaƙen tushe da ja, na ƙari da shuɗi, yadda ido zai riƙa ganin tandar. A gefe rubuta kalmar Hausa da ta fito daga gidan in akwai. A ƙasa kuma jimla ɗaya da ka tsinci kalmar a ciki, aya ce ko hadisi ko layin Ahalari, da wata jimlar da ka ƙirƙira kan rayuwarka: na shuka gyaɗa, mun girbe dawa, ɗana yana tari.

Kar ka ɗebo tushe daga iska. Ɗauko shi daga abin da kake karantawa ko kake ji: izun da kake tilawa, littafin da kake ɗauka wurin malam, huɗubar liman ta Juma'a. Tushe ɗaya a rana, minti ashirin bayan Asuba, daga Asabar zuwa Laraba. Alhamis da Juma'a, yadda makarantar allo take hutu, kai kuma bita: rufe shafin da hannu, bar baƙaƙen sama kawai, ka zubo 'ya'yan da ka. Shafin da ya ƙi, naɗe kunnensa ka dawo masa bayan kwana uku. Daga gama girbi zuwa faɗuwar damina akwai kamar mako 24. Tushe biyar a mako ya ba ka 120, in kowanne da 'ya'ya shida, kalma 720 ke nan kafin ka koma gona.

Inda hanyar take da rami

Kama da wane ba ta wane. Ba kowane gida ne ma'anarsa take haɗuwa ba: zahaba ya tafi, zahab zinariya, baƙaƙensu ɗaya, kuma ban ga amfanin wahalar da kai wajen ƙulla musu zumunci ba. Wasu kalmomin baƙi ne a Larabcin ma. Istabraƙ ta yi kama da istaf'ala, alhali daga Farisanci ta shigo. Ma'auni kuma hasashe yake ba ka, ba hukunci ba. Ba kowane ƙullu Larabawa suka zuba a kowace tanda ba, don haka abin da ka gina, tambayi ƙamus kafin ka kai shi gaban jama'a.

Kalmomin aro ma wasu sun sauya hali da suka zo ƙasar Hausa. Shugl a wurinsu aiki ne, mu shagali biki ne. Fatiila lagwani ce, mu muka ba fitilar duka sunan. Wasiiƙa takardar shaida ce; wadda ake aikawa risaala suke ce mata.

Aikin daren yau

Buɗe Fatiha, wadda kake karantawa aƙalla sau goma sha bakwai a yini. Alhamdu ka san gidansa. Arrahmaan da Arrahiim gida ɗaya ne, ر ح م, tare da rahama, da rahim mahaifa. Maalik faa'il ne na م ل ك, gidan mulki da mallaka. Na'budu gidan ibada da Abdu. An'amta af'ala ce ta ni'ima. Magduub maf'uul ne, ɗan'uwan gadbaan da muka gani ɗazu. Daalliin faa'il ne mai shadda, warware ta ka ga lam biyu. Shafi bakwai ke nan na littafinka.

Na bar maka biyu: nasta'iin da mustaƙiim. Dukansu daga ƙofar istaf'ala suke, kuma a dukansu "ii" ɗin da kake ji a tsakiya ba ya ba ce, wawu ce ta sake kama. Ta farko ka nemi danginta wajen ta'aawun, ta biyu wajen iƙama da alƙiyama.